Kafin ka sayi sabon moto wa motar rimot ɗinka

'Yan uwa, wanda motonsa ya ƙone, kada ya yi gaggawar sayen mai KV mafi yawa. KV ɗin nan adadin juyin moto ne a minti ɗaya kan kowane bolt na wutar batiri. Moto marar burushi mai 4000KV a batirin LiPo 2S, wato bolt 7.4, zai juya kusan sau 29,600. Ka ɗora masa 3S, wato bolt 11.1, ya haura 44,000, nan zafi zai iya kashe shi. Ga motar 1/10, wato mai girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, mai bin ƙasa da yashi, ni na fi son 3300KV.

Auna tsohon tukuna. Lambar 3650 a jikin moto na nufin kauri milimita 36, tsawo 50. Duba sandarsa ma: kaurinta milimita 3.175 ne ko 5? Na taɓa saye, ƙaramar giyata mai haƙora ta ƙi shiga sandar, haka na zauna sati biyu ina jira.

ESC kuwa, wato mai sarrafa gudu, 60A ya isa 2S, amma tabbatar yana yanke wuta idan batiri ya yi ƙasa. In mota ta tafi da baya, musanya wayoyi biyu cikin ukun da ke haɗa moto da ESC, muddin moton ba mai sensa ba ne.