Darasi na 7: Yaron da Ke Kawar da Kai Daga Sabon Abinci

Da wuya ki shiga layi guda a Fagge ko Gwale ko Hotoro a nan Kano ba ki samu irinsa ba. Yaro ne ɗan shekara ɗaya da rabi ko biyu, wanda a da duk abin da aka kai bakinsa karɓa yake, yanzu kuma ya tsaya a kan abu biyu ko uku: shayi da burodi, ko Indomie, ko farar shinkafa da mai. An miƙo masa lomar tuwo da miyar kuka, sai ya datse baki, ya kawar da kai, ya ture hannun uwarsa. Hankalin uwa ya tashi, kaka ta ce a yi masa ɗura, maigida ya biya kemis ya sayo maganin cin abinci.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata ki san abin da ke faruwa a jikin ɗanki.

Me ya sa yake ƙi

Saurin girmansa ne ya ragu. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku kafin ya cika shekara, wanda aka haifa da kilo 3 yakan kai kilo 9 ko 10. A shekara ta biyu kuwa abin da zai ƙara bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Jikin da ya rage saurin girma dole ya rage neman abinci. Ga shi cikinsa ƙarami ne. Ɗan wata 12 zuwa 23, abin da ake so ya ci a zama ɗaya bai wuce cikin kofi mai cin mililita 250 ba, kimanin rabin ruwan leda guda ke nan. Idan kika cika masa kwano irin na yayansa ɗan firamare, ko ya ƙoshi za ki ga kamar bai taɓa ba.

Sannan akwai tsoron baƙon abinci, wanda kan fara daga wajen shekara ɗaya da rabi, ya yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6. Da son zaƙi aka haifi yaro, nonon da ya sha ma zaƙi gare shi, ɗaci kuwa harshensa na jin sa fiye da naki. Shi ya sa zogale da alayyahu da gauta suke shan ƙi fiye da ayaba. Wannan ba iskanci ba ne, ba kuma laifin girkinki ba ne.

Maganar ɗura

A nan ba za mu sassauta ba: a daina ɗura. Kowa ya san yadda ake yi. A kwantar da yaro a kan cinya, a matse ƙafafunsa, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba kunu, wani lokaci har a toshe masa hanci. Yana kuka, yana neman numfashi, kunun na gangarawa. Matsalar ita ce hanyar abinci da hanyar iska a maƙogwaro maƙwabtan juna ne. Yaron da ke kuka hanyar iskarsa a buɗe take, da ya ja numfashi sai kunu ya bi ta zuwa huhu. Daga nan sai shaƙewa nan take, ko tari da zazzaɓi da ciwon namoniya bayan kwana ɗaya ko biyu. Ana rasa yara ta haka.

Ko da bai shaƙe ba, ɗura ta koya masa cewa kofi da cokali abokan gaba ne. Gobe da ya hango kofin zai fara gudu. Mun san kakanni na yi ne don ƙauna, don haka a fahimtar da su cikin ladabi. Uwa na iya cewa, "Hajiya, a asibiti an ce mana kunun na shiga huhu, mu gwada ba shi da cokali yana zaune." Ya fi kyau maigida ne ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayani.

A bar yunwa ta kama shi

Yawancin yaran da ake cewa ba sa cin komai, in aka bi su daga safe zuwa dare za a ga sun ci da yawa. Biskit daga kantin ƙofar gida, cincin daga hannun maƙwabciya, lemon kwalba, alawar da baba ya shigo da ita, shayi kofi biyu. Ina sauran wurin tuwo?

Ki tsara masa abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da abin taɓawa sau 1 ko 2, kamar yankin gwanda, ko ƙosai biyu, ko kindirmo. Ki bar awa 2 zuwa 3 tsakanin wannan ci da wancan, a tsakani ruwa kawai. Madara kada ta wuce kofi 2 a yini. Shayi kuwa ba abin yaro ba ne: ganyen shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, ƙarancin jini kuma na kashe sha'awar abinci. In yana shan nono a ci gaba da ba shi har shekara 2, sai dai bayan ya cika shekara a fara gabatar da abinci, nono ya biyo baya.

Yadda ake gabatar da sabon abinci

A ɗauki abu ɗaya a lokaci guda. Mu ce kabewa ce. Ki dafa ta har ta yi laushi, ki ɗebi cokali ɗaya kacal, ki ajiye a gefen kwanon abincin da ya saba da shi. Kada ki gauraya, kada ki ce "ci mana". Ki zauna kusa da shi ki ci taki yana gani. Bayan minti 20 zuwa 30 ki ɗauke kwanon, ko ya taɓa ko bai taɓa ba, ba faɗa, ba ɓata fuska. Bayan kwana biyu ko uku ki sake kawowa.

Ga inda iyaye ke karaya: sun gwada sau biyu, sau uku, sai su ce ai ba ya so. Yaro kan buƙaci ganin abinci sau 10 zuwa 15 kafin ya amince da shi. Karɓar tasa ma hawa-hawa ce. Yau kallo kawai zai yi. Wata rana ya dangwala yatsa, ya murje kabewar a kan tabarma. Wata rana ya sunsuna, ya lasa, ya yamutse fuska ya tofar. Tofarwar nan ci gaba ce, don ya yarda abin ya shiga bakinsa. In kika tsawata masa a kan ɓata wuri, kin mayar da shi baya. Shimfiɗa leda ko tsohon buhu a ƙarƙashinsa, ki wanke masa hannu da sabulu, ki bar shi ya ci da hannunsa.

Dabara ta biyu ita ce ki bi ta kan abin da yake so. Mai son ƙosai a kai shi ga alale, daga alale zuwa faten wake. Mai son soyayyen dankalin Hausa a ba shi dafaffe, daga nan karas da kabewa, tunda duk zaƙi-zaƙi gare su. Wanda ya liƙe wa Indomie a rage sinadarin ledar zuwa rabi saboda gishiri, a fasa ƙwai, a goga karas a ciki, a kuma rage yawan ranakun. Maganar cewa ƙwai na sa yaro sata ba ta da tushe. Ƙwai da hanta da kifi da awara su ne masu gina masa jiki da jini.

Zuba ƙaramin cokali na garin zogale a miyarsa yana da amfani, amma ɓoye ba ya koyar da yaro. Ya ga ganyen da idonsa, ki ba shi reshe ya taya ki tsinkewa. In an je Yankaba sayen kayan miya, ko 'Yan Lemo, a bar shi ya nuna abu ɗaya da yatsa, a sa shi ya riƙo.

Sau da yawa ba abincin yaro ke ƙi ba, yaji ne ko zafi ko tauri. Ki kwashe nasa kafin ki zuba attaruhu, ki bari ya huce, ki yayyaga nama ƙanana, ki cire ƙayar kifi. Gyaɗa gudanta, aya, gurjiya, gugguru da dabino mai ƙwallo na shaƙe yaro, kada a ba ɗan ƙasa da shekara 5 sai an daka ko an niƙa. A zaune zai ci, ba a guje ba. Ya zauna cikin 'yan'uwansa don yaro da kwaikwayo yake koyo, amma da kwanonsa daban, domin a tire ɗaya manya za su riga shi, ke kuma ba za ki san abin da ya ci ba.

Kada a ce "cinye in ba ka alawa", domin an nuna masa alawar ce abin so, tuwon kuma wahala. Kada a tsorata shi da dodo ko allura. Waya ma a ajiye ta, yaron da ke kallo haɗiya kawai yake, bai san ɗanɗanon abin ba.

Lokacin da ba zaɓen abinci ba ne

Yaron da ke wasa, yana guje-guje, nauyinsa na hawa a katin awo, ba abin tsoro a tare da shi. Amma a kai shi asibiti ba jinkiri in yana ramewa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana zubewa, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko yana cin ƙasa, ko akwai zazzaɓi, gudawa, ko gyambo a baki. Haka in ya ci ƙwai ko gyaɗa ko kifi sai jikinsa ya yi ƙuraje, leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya. A asibitin sha-ka-tafi na unguwa ana auna damtsen yaro da tef mai launi uku: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Akwai kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala. Ki tambayi ma'aikatan lafiya maganin tsutsar ciki da ɗigon bitamin A, waɗanda ake ba yara duk wata 6. Maganin cin abinci na kemis kuwa, da yawansa kasala da barci yake sa yaro, kada a ba shi sai likita ya rubuta.

Aikin gida

Ki zaɓi abinci ɗaya da ɗanki ke ƙi, ki rubuta sunansa a saman shafin littafinki. Ki jera lamba 1 zuwa 15 a gefe. Duk ranar da kika ajiye masa cokali ɗaya, ki rubuta kwanan wata da kalma ɗaya a gaban lambar: kallo, taɓawa, lasa, tofarwa, ko haɗiya. Ki zo da shafin aji mako mai zuwa, za mu karanta tare.