Yadda za ka ba yara labarin Farsiyus da kan Medusa ba tare da ka kwafsa ba

Idan yaran gidanku sun haddace Gizo da Ƙoƙi har suna riga ka ƙarasa magana, toh gwada musu labarin Farsiyus, ɗaya daga cikin tsofaffin jaruman tatsuniyoyin Girkawa. Matsalar kawai yawancinmu a fim muka san shi, sai mutum ya zarce kai tsaye wajen sare kai, alhali saran ko minti ɗaya ba ya ci. Daɗin yana kan hanyar zuwa ne da abin da ya biyo baya.

Da farko ka faɗa musu tatsuniya ce ta mutanen da, su Ziyus da Atina da Hamis abubuwan bautarsu ne, shikenan ka wuce, kar ka tsaya dogon bayani har barci ya kwashe su.

Ka fara da kakan, ba jikan ba. Akrisiyus sarkin Argos ya je wajen masu duba a Delfi yana neman ɗa namiji, aka ce masa ba zai samu ba, kuma ɗan da 'yarsa Danaye za ta haifa shi ne ajalinsa. Sai ya kulle ta a ɗakin tagulla don kar wani namiji ya ganta, amma Ziyus ya shiga a siffar yayyafin zinare, ta haifi Farsiyus. In yaran ƙanana ne ka ce kawai ta haihu a ɗakin, ba wanda zai kama ka. Sarkin ya ji tsoron kashe jininsa da hannunsa, sai ya sa uwa da jariri a akwatin katako ya jefa a teku. Nan ka ja murya ƙasa-ƙasa, ka bari su ji duhun cikin akwatin da ruwa yana dukansa. Kuma ka maimaita maganar masu duban sau biyu don ta zauna musu, za ka buƙace ta can gaba.

Akwatin ya tsaya a tsibirin Serifos, wani masunci Diktis ya jawo shi da taru ya riƙe su. Ɗan'uwan masuncin, Folidektis, shi ne sarkin tsibirin, ya ƙyalla ido kan Danaye amma saurayin ɗanta ya tsare masa gaba. Sai ya yi dabara ya ce aure zai nema a wani wuri, kowa ya kawo gudummawar doki. Farsiyus ba shi da ko jaki, baki ya ja shi ya ce ko kan Medusa ake so zai kawo. Sarki ya ce yauwa, shi nake so. Kar ka gyara wa yaron wannan wajen ka mai da shi jarumta, cika baki ne na samari, kuma yara sun fi jin daɗinsa a haka.

Yanzu ka gabatar da dodon tun kafin a isa wurinta. Su uku ne 'yan'uwa mata, Siteno da Yuriyale da Medusa, gashin kansu macizai ne masu rai, duk wanda ya haɗa ido da su ya zama dutse nan take. Biyu ba sa mutuwa, Medusa kaɗai ake iya kashewa. Akwai ruwayar da ta zo daga baya ta bakin wani mawaƙin Roma, cewa da can kyakkyawar budurwa ce aka tsine mata ta koma haka, ni dai ina ajiye wannan sai ga manyan yara, saboda da zarar ka faɗa tausayi ya koma kanta labarin ya canza fuska gaba ɗaya.

Wajen da ya kamata ka fi daɗewa shi ne tara kaya. Ya je wurin wasu tsofaffi mata uku da suke da ido ɗaya tal da haƙori ɗaya a tsakaninsu, wannan ta gama kallo ta miƙa wa waccan. Ya laɓe, daidai lokacin da idon yake hannu tsakanin biyu sai ya wafce, ya ce sai sun nuna masa hanya. Ka kwaikwayi muryarsu, ka lalubi iska da hannu kana cewa "ke ba ni idon mana, ai ke ce da shi", wallahi nan ne za ka ji dariya. Daga nan ya samo takalmi mai fukafukai, da jakar da zai zuba kan, da hular Hadis, abin bautarsu na duniyar matattu, wadda in ka sa ba mai ganinka. Hamis ya ba shi lauje mai kaifin tsiya, Atina ta ba shi garkuwa da aka goge tana sheƙi. Ka sa yaran su ƙirga kayan da yatsu, biyar ne, daga baya su za su tuna maka inda kowanne ya yi amfani. In ka lura duk aro ne, babu ɗaya da ƙarfin damtsensa ya ba shi. Wanda ya san labarin Bayajidda zai gane tsarin, shi ma sai da ya biya Gaya maƙera suka yi masa wuƙa kafin ya sare macijin rijiyar Kusugu a Daura, kuma shi ma kan ya adana a matsayin shaida.

Saran kansa ka yi shi a gaggauce. Ya same su suna barci, ya juya fuska yana kallon hoton Medusa a jikin garkuwa, ya kai sara ɗaya, ya cusa kan a jaka. Daga wuyanta doki mai fukafukai Fegasus ya fito tare da wani ƙato Kirisawo. Sauran biyun suka farka suka bi shi, ya kifa hula ya ɓace. Eh, tana barci ya kashe ta, in wani yaro ya ce wannan ai ba jarumta ba ce kar ka hana shi, ka bar su su yi musu.

Abin da ake yawan kwafsawa: Farsiyus bai hau Fegasus ba a tsofaffin ruwayoyi, da takalminsa ya tashi. Mai hawa dokin wani jarumi ne daban, Belerofon, wanda ya kashe dodon nan Kimera mai kan zaki da jikin akuya da wutsiyar maciji. Masu zane na baya da 'yan fim ne suka cakuɗa su.

A hanyar dawowa ya ga wata 'yar sarki, Andiromeda, ɗaure da sarƙa a jikin dutse bakin teku. Uwarta Kasiyofiya ce ta yi alfahari ta fi 'yan matan ruwa kyau, Fosaidon, abin bautarsu na teku, ya turo dodon teku, aka ce sai an ba da 'yar sarki. Ya kashe dodon ya aure ta, baffanta Finiyus da aka yi wa alkawarinta tun farko ya zo da mutanensa zai tada rigima wajen biki, Farsiyus ya zaro kan daga jaka suka sandare. Haka ya yi wa Folidektis da fadawansa da ya koma Serifos ya tarar uwarsa ta gudu ta fake a ɗakin bauta. Ya ɗora masunci Diktis kan sarauta, ya mayar da kayan aro, kan kuma ya ba Atina ta maƙala a garkuwarta.

Kar ka ce ƙurunƙus a nan. Ka tambaye su me masu duba suka ce, ka jira su amsa. Akrisiyus ya ji jikansa na tafe sai ya gudu Larisa, Farsiyus ya shiga gasar wasanni a garin, ya wurga faifan jifa ya kauce ya sami wani tsoho cikin 'yan kallo, ashe kakan ne. Kunya ta hana shi hawa gadon Argos, ya yi musaya da ɗan'uwansa Megafentis ya karɓi Tirins, kuma shi ake cewa ya kafa birnin Maisini. In sun nace sai ka ƙara wani, ka ce gobe, akwai tattaɓa kunnensa Herakilis da macijin Lana mai kawuna da yawa, wanda in an sare ɗaya biyu ke tsirowa.