Babi na 7: Ina nauyin kaya yake sauka?

Ranar da kasuwar Tawa ke ci, ka tsaya bakin hanya ka ƙare wa amalanken jakuna kallo. Za ka ga biyu sun ɗauko buhunan albasa daidai wa daida, ɗaya jakin na tafiya abinsa, ɗayan kuwa bayansa ya lotsa, ga gyambo a inda sirdin amalanken ke zama. Mai shi zai ce maka jakin rago ne. Ni dai na fi zargin mai lodi, kuma a wannan babin za mu lissafa dalili da alli.

Duk abin da ka gani tsaye cak, ba ya faɗuwa ba ya juyawa, ƙarfin da ke kansa ne ya yi kunnen doki. Doka biyu ce ke riƙe da shi. Ta farko, abin da ke danna shi ƙasa daidai yake da abin da ke tallabe shi. Ta biyu, abin da ke son juya shi nan daidai yake da abin da ke son juya shi can. Wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san ta biyun ko bai taɓa shiga aji ba: gefe ɗaya ya fi nauyi, kaya sun zame.

Sai dai juyawa ba nauyi kaɗai take bi ba, har da nisa. Ana ninka nauyin kaya da nisansa daga wurin da abin ke juyawa. Arkimidis, wani masanin Girka da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya rubuta wannan lissafi, amma masu garka sun riga shi aiki da shi.

Amalanke

Zana amalanken ita kaɗai a allo, ka cire jakin, ka cire tayoyin. A inda ka cire kowanne, sa kibiya mai kallon sama, domin nan ne ake tallabe ta. A inda buhu yake, sa kibiya mai kallon ƙasa. Haka injiniyoyi ke yi wa kowane irin inji: su wargaza shi a takarda, su tambayi kowane gunduwa wa ke tura shi, wa ke jan sa.

Amalanke tana juyawa ne a kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. A ce daga ƙarfen nan zuwa bayan jaki santimita 200 ne, buhu kuma kilo 100. Nauyin ita amalanken mu ajiye shi gefe don lissafi ya yi sauƙi, kuma tsaye take a shimfiɗaɗɗen fili, ba gangare ba.

Ka ɗora buhun santimita 50 gaba da ƙarfen taya. 100 sau 50 ya ba da 5,000. Raba 5,000 da 200, ka sami 25. Kilo 25 ke nan a bayan jaki, sauran 75 tayoyi sun ɗauke. Yanzu matsa buhun gaba, ya kai santimita 100. 100 sau 100, 10,000 ke nan. Raba da 200, ka sami 50. Ba ka ƙara ko albasa ɗaya ba, amma ka ninka wa jaki wahala. In buhu huɗu ka jibge a nan, kilo 200 ne a gadon bayan dabbar da ba ta da bakin magana.

To a mayar da kayan baya mana, a huta? Gwada. Buhu ɗaya santimita 50 bayan ƙarfen taya, lissafin bai canza ba, 25 ne, sai dai yanzu sama yake ɗaga jakin ta ɗamarar cikinsa. Buhu huɗu a nan za su cicciɓe shi da ƙarfin kilo 100, kofatonsa su daina kama ƙasa. Wani abin mamaki kuma, da buhu ɗayan nan a baya, ƙarfen taya kilo 125 yake ɗauke da shi, ya fi nauyin buhun kansa, saboda buhu na danna wannan gefe, jaki na riƙe wancan. Shi ya sa gwanayen lodi ke jera kaya bisa ƙarfen taya, su bar gaba ya ɗan rinjaya kaɗan, yadda sandunan amalanken za su zauna a sirdi ba tare da sun danne ba. Kafin a ɗaura jaki, kama sandunan da hannunka ka ɗaga. Abin da hannunka ya ji, shi bayansa zai ji har Konni.

A lura da abu guda a mahaɗa. In sanduna na danna jaki da kilo 25, jaki ma na tura sanduna sama da kilo 25, ba ƙari ba ragi. Isaac Newton na Ingila ya rubuta wannan a 1687. Duk inda ƙusa ko noti ya haɗa abu biyu, haka yake. Idan ka zana gunduwa biyun dabam-dabam, kibiyoyinsu a wurin haɗin sai su juya wa juna baya.

Jigo

Jigon ban ruwa bai da bambanci da amalanke. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka guga mai lita 15 kilo 15 ne. In gefen guga mita 3 ne, gefen curin laka mita 1, sai curin ya kai kilo 45 kafin su yi daidai. Gwafar da ta riƙe sandar kuwa kilo 60 take sha, ban da nauyin sandar. Da yawa suna auna guga su manta da gwafa, ita ce kuwa ke fara tsagewa.

Rumfa

Na taɓa kafa rumfa ƙofar gida, dirka huɗu, sanduna huɗu a sama, na ɗaure kusurwoyi da waya har hannuna ya yi kanta. Iskar farkon damina ta taso da la'asar, kafin a kira magariba rumfar ta kwanta gefe guda kamar raƙumi ya durƙusa. Babu sandar da ta karye. Kusurwoyin ne suka juya.

Abu mai kusurwa huɗu haka yake, yana iya karkacewa tsawon sandunansa bai canza ba. Mai kusurwa uku ba ya iyawa, sai dai sanda ta karye ko ƙusa ta fita. Kafinta ya zo ya buga mini sanda ɗaya a karkace, daga gindin wannan dirka zuwa kan waccan, a kowane gefe. Ka ɗaga kai ka dubi dogayen turakun ƙarfe na wutar lantarki, ko kancen rufin kwano a manyan rumfunan kasuwa, kusurwa uku-uku za ka gani tun daga ƙasa har sama.

Sandar da aka kama ta baki biyu kawai, ba a rataya mata komai a tsakiya ba, aiki biyu ta sani: ko a ja ta, ko a matse ta, kuma duk a bisa tsawonta. In ja ne, waya ma ta isa. In matsa ne, sai mai kauri, domin siririya doguwa lanƙwashewa take yi. Wanda zai tokare rumfa da waya, to ya sa biyu a gicciye, iska ta zo ta gabas ɗaya ta riƙe, ta zo ta yamma ɗayar ta riƙe.

Aikin gida

Baro yana ɗauke da siminti kilo 50, santimita 40 daga taya. Daga taya zuwa mariƙi santimita 125 ne. Kilo nawa hannuwa ke ɗagawa, nawa taya ta ɗauke? Zana baron shi kaɗai da kibiyoyinsa kafin ka taɓa lissafi.

Sannan ka sami amalanken da ke unguwarku, ka auna da igiya daga ƙarfen taya zuwa inda sanduna ke zama a bayan jaki. Kawo igiyar aji ranar darasi mai zuwa, mu ɗora ta a kan mita.