Darasi Na 9: Cefane Da Suturar Yara Daidai Aljihu

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, farashin kaya ya bi sahu. Wannan ba labari ba ne ga mai iyali. Abin da za mu duba a darasin nan shi ne inda kuɗin cefane yake zurarewa ba a sani ba. Ku ajiye biro da littafi kusa, akwai lissafi.

Mu fara da karanta wannan hira tsakanin amarya da uwargida:

"Yaya, man gyaɗa ya ƙare. In aiki yaro ya ƙullo na ɗari biyu?"

"Jiya na nawa aka sayo?"

"Na ɗari biyu."

"Shekaranjiya fa?"

"Haka dai, Yaya."

"To ɗauko littafinki na makaranta, ki zauna. Yau kafin Malam ya dawo daga gona sai mun san na nawa muke sha a wata."

Mu ma mu taya su. Farashin da ke nan misali ne kawai, kowa ya sa na garinsu. Naira 200 sau kwana 30 ya kama Naira 6,000. Mu ɗauka kwalba guda Naira 2,500 ce, kuma mai ƙullawa tana fitar da ƙulli 15 daga cikinta. A wata ana buƙatar kwalba 2, wato Naira 5,000. An rage 1,000 a wata, 12,000 a shekara, a kan mai kaɗai. Ba a taɓa gishiri da magi da sabulu da sukari ba, waɗanda duk haka ake sayen su. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa sayen kaya da tsada, domin shi ne mai sayen ƙulli-ƙulli.

Na san abin da wani zai ce: ina zan ga 2,500 a dunƙule? Gaskiya ne. Amma mun saba da adashi, mun saba da watanda idan za a yanka sa. Abin da ake yi wa nama ana iya yi wa jarkar mai ko buhun gishiri. Gida huɗu su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je kasuwa, a dawo a raba. Kuɗin motar ma an raba shi huɗu ke nan. Wanda zai tashi daga ƙauyen Ringim ya tafi kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano don kwano 5 na wake, ribarsa a hannun direba za ta ƙare. Irin wannan tafiya ta masu sayen buhu ce. Kasuwar mako ta kusa ta wadatar: Gujungu ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a.

Sai dai akwai tarko. Idan kwalba tana cike, hannu yakan yi sake wajen zubawa. Na ga gidan da aka sayi man wata guda ya ƙare a kwana 18. A ware cokali ko ƙaramin ludayi na awo, a tsaya a kansa.

Babban abu kuma shi ne lokaci. Galibi hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada wajen Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Manomi da yawa yakan sayar da geronsa da kaka, ya koma ya saya da tsada a tsakiyar damina, wani lokaci ma a hannun wanda ya sayar wa. Kafin a kai buhu kasuwa, a fara lissafa na ci. Gidan da ke cin kwano 2 a rana yana buƙatar kwano 60 a wata. Idan buhu kwano 40 ne, buhu 1 da rabi ke nan. Wannan a rufe shi a rumbu, a manta da shi idan biki ya taso.

Tumatir da tattasai da attaruhu nasu lokacin daban ne. Sukan cika kasuwa da rani, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da masu noman rani na Kadawa da Kura da fadamun Haɗeja suke ɗiba. Da damina ta kama sai su yi wuya. A sayi kwando a lokacin arahar, a yanka, a shanya a yi kauɗa. A shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta, kada a baza a ƙasa ko a bakin titi inda ƙura da awaki za su bi ta kai. Haka kuɓewa da kuka da zogale, amma ganye a inuwa ake shanya shi. Kayan gwari kuwa, idan na cin yau da gobe ne, bayan la'asar sun fi sauƙi, domin mai kaya ba ya son komawa gida da abin da zai ruɓe.

Wake yana son kulawa. A bar shi ya bushe sosai, a zuba a jarka mai murfi a cika ta taf, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Maganin feshin gona ba na zubawa a abinci ba ne.

Yanzu sutura. Ana cewa araha ba ta ado. A kan kayan yara ban yarda ba. Yaro ɗan shekara 3 ba ya tsufar da riga, girma yake ya bar ta. Kuɗin sabuwa guda zai iya sayen gwanjo biyu ko uku masu ƙwari, kuma wanda ya leƙa Kofar Wambai a Kano zai ga har masu zuwa da mota suna durƙushe suna zaɓe. Babu abin kunya a ciki, kamar yadda babu a kwancen da wa ya bar wa ƙane.

Shi gwanjo, saɓanin kayan gwari, da sassafe ake zuwa masa, lokacin da ake kwance dila. Zaɓen farko ya fi tsada, amma ya fi daɗewa. Kafin a fita a auna yaro da igiya, daga kafaɗa zuwa gwiwa, a ƙulla alama. Ƙafarsa kuma a auna da karan dawa, a ƙara faɗin yatsa guda, a zura karan a cikin takalmin da za a saya. Ga amfanin karatu a nan: a wuyan riga akwai ɗan ƙyalle mai lamba, kamar 2-3 ko 5-6. Sau da yawa shekarun yaro yake nufi. Duk da haka a gwada da igiyar, ita ba ta ƙarya. A sayi mai ɗan yalwa don ta kai baɗi.

A ɗaga riga ta fuskanci rana, huda za ta nuna kanta. A duba hammata da wuya da tsakanin ƙafafun wando, a ja zif sama da ƙasa, a ja robar ƙugu a ga ko tana komawa. Maɓallin da ya faɗi ko ɗinkin da ya farke, zare da allura sun isa, kuma dalili ne na neman ragi. Yadin da ya ci ya zama kamar rariya, ko kyauta ne a bar shi. Idan akwai rubutu ko hoto a gaban riga, a san abin da yake cewa kafin yaro ya shiga Islamiyya da ita. Kamfai kuwa, a ra'ayina, a daure a sayi sabo.

Rigunan sanyi da hula da safa sukan yi tsada da zarar hunturu ya shigo a Disamba. A saye su da bazara, a Maris ko Afrilu, lokacin da mai kaya yake neman kai da su. A taya ƙasa, in ya ce albarka a ƙara kaɗan. Da an dawo gida kada a sa wa yaro sai an jiƙa da ruwan zafi da sabulu, an wanke, an shanya a rana har warin dila ya fita, an kuma goge.

Aikin gida

1. Gidan da ke cin kwano 2 a rana, buhu nawa zai ci a wata 12?

2. An sayi riga 3 a kan Naira 700 kowace, da wando 2 a kan Naira 900 kowane. Nawa ne canji daga Naira 5,000?

3. Ku ja layi a littafinku, ku rubuta duk abin da aka saya a gidanku da kuɗinsa, daga gobe har kwana 7, ko da ashana ce. Ku zo da shi mako mai zuwa.