Yadda nake samun kuɗin Disamba a lambun furanni

Lambuna yana bayan Bukuru, kusa da Jos, a gefen wani tsohon kududdufin kuza. Ramukan da masu haƙar ma'adinai suka bari su ne madogarar noman raninmu a nan. Maƙwabtana duk kabeji da karas da tumatur suke yi, ni kaɗai ce mai fure, kuma da na fara, dariya aka yi ta yi mini, wai me za a ci a jikin fure. Yanzu rabin abin da nake samu a shekara tsakanin tsakiyar Disamba da 14 ga Fabrairu, ranar masoya, yake shigowa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin hunturunmu yana yi wa fure daɗi, kuma lokacin ne coci-coci ke kwalliyar Kirsimeti, makarantu na hutu, ana ta ɗaurin aure.

Farkon aikin ba a gona yake ba, a kalanda yake. Ɗauki ranar da za ki yanka, ki ƙirgo baya. Ni daga 20 zuwa 23 ga Disamba nake yankan Kirsimeti. Giladiyolas, wani fure mai dogon kara da furanni ke jeruwa a jikinsa, yana cin kamar wata biyu da rabi zuwa uku daga dasa albasarsa, don haka kafin Satumba ta ƙare na binne kashin farko. Ba na binnewa rana ɗaya. Kashi uku nake yi, mako guda tsakani, saboda sanyi yakan ja masa lokaci, kuma masu biki ba rana guda suke zuwa ba. Ziniya, wani fure mai launuka iri-iri, da furen rana wata biyu ya kusa isarsu, tsakiyar Oktoba nake shuka su.

Wardi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa ros, shi ne mai kuɗin kuma shi ne mai wahalar. Idan kika aske shi, sai ya yi mako shida zuwa bakwai kafin ya sake fure, a cikin sanyi har takwas. Farkon Nuwamba nake askewa, in zuba ruɓaɓɓen takin shanu, in shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don kada iskar hunturu ta shanye damshin. Da hazo ya sauko, ki riƙa juya ganye kina duba bayansa. Akwai wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar garin barkono masu saƙa siririyar yana, bushewar iska da ƙura suke so. Ina wanke bayan ganyen da ruwa da safe, sau biyu a mako. Ban yarda in jiƙa ganye da yamma ba, don kwana da laima ciwo yake jawo masa.

Akwai kuma fonsetiya, wannan mai jan ganye da ake jerawa a gaban coci. Asalinta daga Meziko take, amma a Jos har a bakin shinge take girma. Ba ta yin ja sai ta samu dogon dare mai duhu sosai, makonni a jere. Wata shekara na sa fitilar sola a ƙofar lambu saboda ɓarayin injin ban ruwa. Disamba ta zo, tukwanen fonsetiyar da ke nesa sun yi ja jawur, layin da ke ƙarƙashin fitilar kuwa kore shar kamar alayyafo. Daga Oktoba ki nisanta su da kowace fitila. In babu hali, kifa musu kwali da magariba, ki ɗauke da safe, kullum ba fashi.

Sai abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina: ba na yanke furen da ba shi da mai shi. Shekarata ta farko na yanki wardi bokiti huɗu, na hau mota zuwa Abuja da zaton ina sauka za a yi wawaso. Na yini ina yawo daga shago zuwa shago, kowa ya ce ai ya riga ya yi oda tun watan jiya. Kafin la'asar kawunan sun sunkuya. A tasha na rabar da su, na dawo ko kuɗin mota ban mayar ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Tun daga nan, a Oktoba nake fara zagaye. Ina zuwa wurin masu kwalliyar wurin biki, da matan da ke kula da adon coci, da otal-otal, ɗauke da hotunan bara a waya da ɗan damin abin da ke lambu a lokacin. Wanda ya ce yana so, mu rubuta launi da adadi da rana, ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Wata mai kwalliya ta taɓa ce mini, “Haba Yaya, tsakaninmu har sai an biya?” Na ce, “Ƙanwata, fure ba buhun masara ba ne da zan mayar rumbu in kin fasa.” Ta biya, kuma har yanzu muna tare. Kashi uku cikin huɗu na abin da nake sa ran samu kawai nake yin alkawarinsa. Ragowar na cike gurbin wanda ya lalace ne, da masu zuwa a ƙurarren lokaci, waɗanda su ne ke biya da tsada.

Ranar yanka, da asuba nake shiga, kafin rana ta taɓa su. Almakashi mai kaifi, yanka a karkace, kara ya faɗa bokitin ruwa nan take. Ki tsige ganyen da zai nutse, ki ɗiga ɗan bilic, ruwan wankin nan mai faranta kaya, a ruwan, ki ajiye a ɗaki mai sanyi su sha na 'yan sa'o'i. Wardi yana fara buɗe baki ake yanke shi. Giladiyolas kuwa da zarar furannin ƙasan karan ɗaya ko biyu sun nuna launi, kuma a tsaye ake ɗaukarsa, in ya kwanta kansa lanƙwashewa yake yi. Na Abuja ina naɗe su a takarda, gindin a jiƙaƙƙen buhu, cikin kwali mai huji, in ba motar farko da ke bi ta Akwanga. Ina ƙara wa direba wani abu don kwalin ya zauna a kujera. But ɗin mota zafi gare shi.

Ƙananan hanyoyi ma suna kawo nasu. Ganyen bishiyar turare da rassan sifires, wata bishiya mai siraran ganye, muna murɗa su a kan waya mu yi zoben da ake ratayawa a ƙofa, ba ya buƙatar ruwa, yana mako biyu bai canza ba. Tsiron da ke kasko na ƙasa yana tafiya wurin masu neman abin kyauta. Amare da ɗalibai suna biya su shigo ɗaukar hoto da yamma, na ware musu layi biyu, na ja igiya a sauran, don ɗan takalmi ɗaya ya isa ya karya miki odar mutum.

Wardin nan kashi biyu na raba shi. Ɓangaren gabas na Kirsimeti ne. Na yamma na 14 ga Fabrairu ne, kuma askinsa yana faɗowa daidai makon Kirsimeti, lokacin da hannu ya fi cika. Shi ya sa tun Nuwamba nake kama yara biyu in nuna musu inda ake sa almakashi, sama kaɗan da idon tsiron da ke kallon waje, ranar 22 ga Disamba su shiga ɓangaren yamma ni ina wurin ɗaurin kaya.