Kurakuran da Ake Tafkawa Wajen Gyaran Tsukakken Kicin a Gidajen Abuja

Duk wanda ya taɓa zama a gidajen Gwarinpa, Kubwa, Lugbe ko Karu ya san irin kicin ɗin da nake nufi: dogo, tsukakke, ƙofa a wannan bakin, taga ɗaya a wancan, mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya raɓe da bango. Wanda ya zana shi bai yi tunanin buhun shinkafa, jarkar manja, turmi da tukunyar tuwon mutum goma ba. Shi ya sa da zarar iyali sun ɗan samu sarari, kicin ne abu na farko da uwargida ke son a taɓa. Kuma a nan kuɗi ya fi salwanta. A babban ɗaki kuskuren inci huɗu ba ya nunawa, amma a tsukakken kicin inci huɗun nan su ne za su hana ƙofar firij buɗewa har tsawon zamanku a gidan.

Mafi yawan mutane daga hoto suke farawa. An ga wani kicin a waya, an miƙa wa kafinta, an ce "irin wannan muke so", shi kuma ya ce "ba matsala, Alhaji", domin ba zai kori ciniki ba. Kafin a kira kowa, a ɗauko tef a auna, a rubuta a takarda: tsawo, faɗi, bisa, inda taga take, inda famfo ya fito, faɗin ƙofa. A auna faɗin a wuri uku, gaba da tsakiya da baya, saboda bangon gidajenmu ba safai yake miƙewa sak ba.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya yi da kansa. Kabad na ƙasa yakan ci santimita 60 daga bango. A ce faɗin kicinku mita 1.8 ne. In aka jera kabad a ɓangarori biyu, santimita 120 sun tafi, saura 60 na tsayuwa. A wannan ɗan tsakanin ba a durƙusawa a ɗauko tukunya, ba a buɗe durowa ana tsaye gabanta, kuma in yaro ya shigo da gudu mai ɗauke da tafasasshen ruwa ba ta da inda za ta kauce. Hanyar tsakiya kada ta gaza santimita 90, in da hali ta kai 120. Saboda haka a irin wannan faɗin layi ɗaya na kabad ake yi, ɗaya bangon kuma a sa kantoci marasa zurfi, santimita 25 zuwa 30, waɗanda za su ɗauki kwalaben kayan yaji, kuka, daddawa da kwanuka. Kuɗin layi na biyun da ba a yi ba ya zauna a aljihu, kuma zai yi amfani a gaba. Ƙofar kicin ma a duba ta: in tana buɗowa ciki tana cin wuri, a juya ta ta riƙa buɗewa waje, ko a sa mai gungurawa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a tsara kicin ba tare da mai girkin ba. Maigida da kafinta su gama shawara a tsakar gida, uwargida sai dai ta ga aiki. Alhali ita ce ta san cewa girkinmu yana da nasa buƙatu. Saman kabad yawanci santimita 85 zuwa 90 ne daga ƙasa, wanda ya dace da yanka da wanke-wanke. Amma a ɗora murhun gas na kan tebur a kansa, a ɗora babbar tukunya a kan murhun, sai bakin tukunyar ya kai ƙirji. A haka za a tuƙa tuwon masara da muciya? Kafaɗa ce za ta biya, kuma tukunya mai zafi tana rawa a daidai fuskar mace. Shi ya sa ake ganin gidan da aka kashe kuɗi mai yawa, amma ranar tuwo sai an sauke murhu ƙasa a ƙofar baya. Gyaran mai sauƙi ne in an yi tunaninsa tun farko: a saukar da wurin da murhu zai zauna kamar da santimita 15 zuwa 20, sauran saman ya tsaya yadda yake. A bar uwargida ta tsaya da tukunyarta da muciyarta a gwada tsayin kafin a kafa komai.

Haka zancen ajiya. Mu buhu muke saye, ba ƙananan ledoji ba. Kabad mai hawa-hawa ba zai ɗauki buhun kilo 50 ba, ba zai ɗauki jarka mai lita 25 ba, balle tukwanen suna da na Sallah da ake fito da su jefi-jefi. A bar fage ɗaya a ƙasa babu kanta a ciki, ɗan sama da daɓe kaɗan don kada danshi ya kama buhu. A ware lungun turmi da taɓarya, kuma a tuna daka a kan tayil yana fasa shi, sai da shimfiɗar katako ko a fita waje. Manyan tukwane su hau can sama: a kai kabad na sama har silin, don tsakanin da ake bari ƙura da maiƙo kawai yake tarawa. A unguwannin da ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, inda ake dogaro da burtsatse ko mai ruwa, a tsara inda duro zai zauna. In ba a tsara ba, a tsakiyar hanya zai ƙare.

Yanzu ga inda kuɗi ke karkata zuwa inda bai kamata ba. Ido yana ganin tayil, fenti, hannun kabad mai ƙyalli. Ba ya ganin bututu da waya da ke cikin bango, don haka su ake ragewa. A tsofaffin gidajen Garki da Wuse har yanzu akwai bututun ƙarfe da suka yi tsatsa. Wanda ya liƙa sabon tayil a kansu, ranar da suka fara yoyo zai fasa tayil ɗin da hannunsa, ya biya aiki sau biyu. A canza su zuwa na roba tun bango yana buɗe, a saki ruwa a bar shi kwana ɗaya ko biyu ana dubawa kafin a rufe. Bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke ya zama mai faɗi, inci 2 ya fi, da gangara mai kyau, da lanƙwasar nan ta ƙarƙashin sink da ke riƙe ruwa ta hana wari da kyankyasai dawowa. Manja da kitsen miya suna daskarewa a siririn bututu, musamman da hunturu, kuma a bar wurin da za a iya buɗewa a share ba tare da fasa komai ba.

Wuta ma haka. Soket ɗaya ake tararwa a yawancin waɗannan kicin, sai a cika shi da wayar jona-jona: firij, butar lantarki, injin markaɗe, duk a baki ɗaya. Butar lantarki kaɗai tana jan kusan wat 2,000. A ƙirga kayan da ake da su da waɗanda ake sa ran saye, a ba firij nasa soket, a ja waya mai kaurin milimita 2.5 zuwa soket-soket, murhun lantarki kuwa nasa layin daban da waya mafi kauri, yawanci milimita 6. A tabbatar mai aikin wuta ya haɗa wayar ƙasa, wato "earth" mai kare mutum daga jan wuta, kuma kada soket ya matso kusa da famfo. Wayar jabu ta cika kasuwa, don haka wannan sayen maigida ya je da kansa tare da mai aikin. Kafin a zuba kuɗi a kan murhu ko tanda na lantarki kuma a duba takardar kuɗin wuta: tun Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a lokacin, girki da lantarki ya zama abin lissafi. Fitila ɗaya a tsakiyar silin ba ta isa, domin mai aiki tana tsaye ne ta tare hasken da bayanta. A sa 'yar siririyar fitila a ƙarƙashin kabad na sama.

Maganar gas ba ta son sassauci. Wasu don su ɓoye tukunyar gas mai kilo 12.5 sai su rufe ta cikin kabad, ƙofa ruf, babu ko huda. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, kuma a tsukakken ɗaki taruwar ba ta ɗaukar lokaci. Mafi aminci tukunyar ta zauna a waje cikin kejin ƙarfe mai shan iska, a inuwa, a jawo bututu ta bango. In gidan sama ne ba halin haka, a bar wurinta a buɗe ko da manyan hudoji ta ƙasa, nesa da soket. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a mahaɗai, in ya yi kumfa akwai matsala. Ashana ba ta shiga wannan gwajin. Kada murhu ya zauna bayan ƙofa, ko ƙarƙashin taga mai labule, ko jikin firij, kuma a bar masa ko da santimita 30 a kowane gefe na sauke tukunya. Taga kuwa, duk ƙarancin wuri kada kabad ya rufe ta. Zafin Abuja na Fabrairu zuwa Afrilu da suyar attaruhu a ɗaki marar iska azaba ce. Fankar fitar da hayaƙi a bango tana cikin abubuwa mafi araha a duk aikin, kuma ita ake fara mantawa.

Kan katako, tambaya ɗaya za a yi wa kafinta: da wane allo za ka yi ƙarƙashin sink? Allon MDF, wanda ake yi da matsattsen garin katako, yana da kyau a ido, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ruɓe. A wurin ruwa a sa falawud mai jure danshi, ko a gina gindin da bulo da siminti a ɗora dutse, katako ya tsaya a ƙofofi kawai. A ɗaga kabad daga daɓe a kan ƙafafu ko dakali, tun da mu da ruwa muke wanke kicin. A rufe kowace kafa da ɓera ko kyankyaso zai bi. Tayil ɗin ƙasa kada ya zama mai santsi. A sayo da ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa: daɓen mita 1.8 da mita 3 yana cin tayil 15 masu 60 da 60, a sayi aƙalla 17, kuma a lokaci ɗaya, don launin wani zubin yakan ɗan bambanta.

Sai kasafin kansa. Kuskuren da aka saba shi ne karɓar jimilla da baki: "Ka kawo kaza, komai da komai." A nemi kowane mai aiki ya rubuta kaya daban, kuɗin hannu daban, kuma a ji ta bakin mutum uku. A shiga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a tambayi farashi, a leƙa wurin kafintocin Kugbo a ga aikin da suka gama, a buɗe durowa a ji yadda take tafiya. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin kayan waje, irin su famfo, sink da ƙarafan kabad, ba ya zama wuri ɗaya, don haka lissafin wata uku da suka wuce ya tsufa. Da zarar awo ya tabbata, waɗannan a fara saye. Sink, murhu da firij su kasance a hannu ko a san girmansu daidai kafin a yanka dutse, domin dutsen da aka huda ba ya komawa.

Akwai ƙananan kuɗaɗen da ba sa shiga takarda amma suna cin aljihu: motar ɗauko kaya daga Dei-Dei, leburorin hawa da su bene, kwashe baraguzai, man janareta in wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, da abincin da za a riƙa saye in babu inda za a ɗora tukunya. A tanadi wurin girki na wucin gadi tun kafin a ɗaga guduma. Sannan a ware kashi 15 cikin 100 na duk kuɗin a ajiye gefe. In miliyan 2 ke hannu, a tsara aikin miliyan 1.7. Sai an fasa bango ake sanin abin da ke ciki, kuma kicin da ya tsaya rabi ya fi tsohon wahalar zama. In kuɗin ba su isa komai ba, a bi wannan jerin: ruwa, wuta, gas da iska, sai daɓe da saman kabad, sai kabad na ƙasa. Ƙofofin kabad na sama da kayan ado za su iya jira wata shekara, kantoci a buɗe suna aiki.

Masu haya, waɗanda su ne da yawa a Abuja, kada su taɓa bango sai da yardar mai gida a rubuce, tare da bayanin ko za a cire kuɗin daga haya. In bai yarda ba, a zuba kuɗin a abin da zai shiga mota ranar tashi: teburin ƙarfe, kabad mai ƙafa, kantoci masu kwancewa.

Lokaci ma yana da nasa. Fara fasa kicin ana saura mako biyu azumi ko Babbar Sallah ganganci ne. Masu aiki suna da yawan alkawari a lokacin, gida kuma yana tsananin buƙatar murhu. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, filasta da fenti suna jinkirin bushewa, kuma kabad da aka manna a ɗanyen bango funfuna yake yi. Aikin ya bi tsari: fasawa, mai famfo da mai wuta, filasta, tayil, sannan kafinta ya sake awo a kan bangon da aka gama, domin filasta da tayil sun ci wasu santimitoci.

Biya kuma kashi-kashi. Kafin alƙalami daidai kuɗin kayan matakin farko, sauran yayin da kowane mataki ya kammala, a riƙe kashi 10 cikin 100 na ƙarshe sai an yi mako guda ana girki a ciki. A cikin makon a cika sink a sake ruwan gaba ɗaya a leƙa ƙarƙashi da tocila, a kunna buta da injin markaɗe tare a taɓa soket a ji ko ya yi zafi, a shafa ruwan sabulu a mahaɗan gas, a buɗe firij da kowace durowa har ƙarshe. Abin da ya nuna matsala a rubuta, a kira mai aikin ya gyara, sannan a cika masa kuɗinsa a ranar.