Yadda Za Ka Rarrabe Kalmomin Turanci Masu Haruffan "ough"

Rubutun boko ya saba mana da sauƙi: yadda ka ga kalma haka za ka faɗe ta. Shi ya sa ɗalibi kan rikice idan ya ci karo da haruffa huɗun nan, o-u-g-h, waɗanda ke zaune cikin kalmomi da dama amma furucinsu ya sha bamban. Duk mai shirin WAEC ko NECO ya san ɓangaren gwajin furuci, inda ake neman kalmar da amonta ya yi daidai da na wata. A nan ake zubar da maki a banza, alhali gyaran bai wuce aikin mako guda ba.

Fara da samun littafin rubutu, ka ja layi ka raba shafi gida bakwai. Kada ka jera kalmomin bisa tsarin abacada, kunne ne zai yi rabon.

Gidan farko na masu ƙarewa da sautin "o" ne: though da although, wato ko da yake, sai dough, kwaɓaɓɓen garin fulawa da ake burodi da shi. Gida na biyu kalma ɗaya ta ishe ka, through, mai ƙarewa da "u", ma'anarta ta cikin abu, kamar wanda ya ratsa ta cikin kasuwa. Na uku masu "af": tough mai tauri, rough mai kaushi, enough abin da ya isa. Na huɗu masu "of": cough tari, trough kwamin shayar da dabbobi. Na biyar masu "au", kuma kusan duk na manomi ne: plough garma, drought fari, bough babban reshen bishiya. Amurkawa sun huta, su plow suke rubutawa.

Gida na shida ya fi kowanne cika, kuma shi na fi so ka daɗe a kai. Duk suna ƙarewa da t, ana jan wasalin "o" kafin ta: thought ya yi tunani, bought ya saya, brought ya kawo, fought ya yi faɗa, sought ya nema, ought ya kamata, nought sifiri. Biyar na farko aikin da ya wuce suke nunawa, don haka rubuta asalin kowace a gefenta: think, buy, bring, fight, seek. Lura da bought da brought. Harafin r kaɗai ya raba saye da kawowa, kuma wanda ke cikin bring shi ne ya biyo brought. Idan ka riƙe wannan, ba za ka ƙara musanya su ba. Gida na bakwai na thorough ne, aikin da aka yi tsaf ba a bar komai ba, wanda Turawan Ingila ke ƙare shi da gajeren "a".

Mataki na gaba, gyara farkon kalmomin. Wanda ya yi tajwidi yana da babban jari a nan. Farkon though daidai yake da ذ, farkon through da thought da thorough kuwa ث ne. Harshe tsakanin haƙora, kamar yadda malam ya koyar a allo. Da yawa kan mayar da su z da s, sai thought ta koma sought, tunani ya zama nema.

Sanin asalin rikicin yana taimaka wa hadda. A tsohon Turanci ana furta gh ɗin nan daga maƙogwaro, kusa da خ. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci, bai yar da sautin ba: brought a can brachte ce, through kuma durch. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, baki kuwa ya ci gaba da sauyawa. A wasu kalmomin sautin ya rikiɗe ya zama f, a wasu ya ɓace ɗungurungum, haruffan suka rage a takarda.

Daga nan sai jimla. Kowace rana ɗauki gida ɗaya ka gina jimloli daga rayuwarka, irin su "My father bought a plough before the drought", ka karanta da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya ka gwada ta da furucin ƙamus na intanet.

A rana ta bakwai, miƙa wa ƙaninka ko abokin karatunka littafin ya yi maka shifta. Ya cakuɗa though, through, thorough, thought da tough, kai kana rubutawa tare da ma'anar kowace da Hausa. Wadda ka kuskure, kewaye ta da jan biro, ita za ka fara da ita washegari.